Don Facundo, Kafintan da Ya Ƙi Rufe Mana Bango

Daga Allah muka fito, wurinsa za mu koma, kowa da ranar da aka yanka masa.

Da hantsin ranar Alhamis, shida ga watan Maris, ina shanya a bayan gida, mijina Amadeo ya fito riƙe da waya ya tsaya a gefena, har sai da na ajiye kwandon wanki na dube shi. Sannan ya ce Don Facundo Olguín ya rasu. Don Facundo, zuciyarka ce ta tsaya kana zaune a shagonka, kana da shekara saba'in da shida. Ranar Litinin aka binne ka a maƙabartar coci, a nan kwarin Mora inda aka haife ka.

Ni ba 'yar'uwarka ba ce, Don Facundo. Zaman da na yi da kai bai wuce wata biyu ba, a ciki ma akwai kwana uku da ban gaishe ka ba. Waɗanda suka fi ni saninka za su ba da labarin ƙofofin cocin da ka sassaƙa, da tsofaffin matan da ka gyara wa rufi ka tafi kafin su gama dafa maka kofi. Ni abu ɗaya na sani, shi zan faɗa: ba don kai ba, da yau ba a cikin gidan nan nake zaune ina rubutu ba.

Kakan Amadeo ne ya gina gidan da tubalin laka, daga baya aka yi masa filastar siminti ta waje kamar sauran tsofaffin gidajen kwarin. Mallakar surukata ne, Doña Erlinda. Da ciwon ƙafa ya matsa mata ta koma wurin 'yarta a Santa Fe, ta bar mu a ciki, muna sababbin aure. Yayan mijina, Cipriano, bai taɓa jin daɗin haka ba. Ya daɗe da samun wani baƙo mai son filin, wanda zai rushe gidan ya gina nasa na hutu.

Wata Lahadi a watan Yunin bara dangi suka zo cin abinci. Ana gamawa Cipriano ya fita zaga gida, ya ɗora babban yatsansa a kan katakon da ya kewaye tagar falo ta waje, ya danna. Yatsan ya shige kamar cikin burodi. Shuɗin fentin ya fashe, baƙin gari mai danshi ya zubo. Ya kira kowa ya gani. Ya ce in katako ya kai haka, to ruwa ya yi shekaru yana shiga bayan filasta, kuma babu wanda bai san abin da ruwa ke yi wa laka a bayan siminti ba: bangon ya narke ta ciki, ya bar ɓawo a tsaye, wata rana ya rufta kan masu barci. Ya ce a sayar tun filin yana da mai so.

Doña Erlinda ta saurare shi har ya gama. Ta ce a kira Facundo ya canja katakon duka, ya kuma duba bangon.

"Abin da ya faɗa shi ne," in ji ta. "In bango ya narke, a sayar. In yana nan, yaran nan suna nan."

Ta ce za ta dawo bayan mako uku ta ji daga bakinka.

Akwai abin da babu wanda ya sani a wurin sai ni. Tun ina yarinya nake karanta 'yan ƙananan littattafan soyayya, irin waɗanda ake zubawa a kwando a shagon kayan gwanjo, in gama ɗaya a yamma guda. A kusan kowanne, matar da ake so tana da taga mai jajayen furanni. Watan farko na aurenmu na samo akwatin katako na cika shi da ƙasa, na kafa shi da kaina da dogayen ƙusoshi a jikin katakon da ke ƙarƙashin tagar ɗakin kwananmu. Bazara uku ina ba furannin ruwa safe da yamma, ba na rowa, har ya riƙa tsiyaya ta jikin bango. Kuma tun watan Afrilu na ga wani duhun danshi a bangon ta ciki, daidai ƙarƙashin tagar. Ban gaya wa Amadeo ba. Na ja akwatin tufafi na tare wurin.

Shi ma Amadeo tsoron ya sa shi yin nasa. Kwana biyu kafin ka zo ya bi duk ramukan katakon ya cusa musu ƙullun cike rami, ya shafe da sabon fenti. Ranar Laraba ka iso da tsohuwar motarka, ka sauko a hankali, ka shaƙi iska sau biyu.

"Wane ne ya yi wa gawa kwalliya?" ka tambaya.

Amadeo ya sunkuyar da kai.

"Ɗana, ubanka ma ya taɓa gwada mini wannan, shi ma bai dace ba. Kawo mini kofi, kada ka sa sukari."

Ban taɓa ganin mai aiki a natse kamarka ba. Sukudireba ɗaya gare ka da kake soka wa katako, da ƙotar guduma da kake ƙwanƙwasa filasta, kunnenka manne da bango. Ka nuna mini bambancin: bango mai lafiya amsarsa gajera ce, wanda ya narke kuwa amo yake yi kamar ƙwarya. Taga ɗaya kake buɗewa a rana, ba ka taɓa ta biyu sai ka rufe ta farko, domin damina ta ƙarato. Da wuƙa kake fara tsaga layin fenti, sannan ka ɓamɓare tsohon katakon kaɗan-kaɗan don kada filastar ta tsage. Ka share wurin, ka shimfiɗa takardar kwalta, ka saka siririn kwano a saman taga yadda ruwa zai tsallake. Sabon katakon sai ka shafe shi ta kowace fuska, har bakin da zarto ya yanka, kafin ƙusa ta taɓa shi. Ka toshe sama da gefuna da danƙo, amma ƙasa ka bar ta a buɗe. Amadeo ya zaci mantuwa ce, ya nuna maka. Ka ce masa ba a yi kafintan da zai hana ruwa shiga ba, aikinka kawai ka bar masa inda zai fita.

"Mai littafi" kake kirana. Kullum da safe sai ka tambaye ni ko likitan da ke cikin labarin ya buɗe baki ya gaya wa yarinyar yana sonta. In na ce tukuna, ka girgiza kai ka ce wannan likita rago ne, da kai ne da tuni an yi baftismar ɗan fari. Kakan zo da 'yan biskit masu kirfa na matarka Doña Ramona a cikin gwangwani, ka ce umarni aka ba ka kada ka koma da ko ɗaya. Wata rana ka ga ƙyauren shingen maƙwabciyarmu yana jan ƙasa, ka tsallaka da gudumarka lokacin cin abinci, ka gyara shi ka dawo kan aikinka. Sai da yamma ta leƙo tana tambayar wa ya taɓa mata ƙofa.

Tagogi shida ne da ƙofofi biyu. Ta kudu ka fara, ɗakinmu kuwa yana arewa, shi ne na ƙarshe. Kowace taga ka buɗe, katakon ya ruɓe amma lakar da ke bayansa a bushe take, kowace yamma Amadeo ya dawo daga aikin gyaran hanya da fara'a fiye da ta jiya. Ni kuwa ina lissafin saura nawa ka iso gare ni. Abinci ya daina shiga. Littafin ma in na buɗe, sai in tarar na maimaita shafi ɗaya sau uku ban san abin da ke ciki ba.

Ranar Litinin ta makon ƙarshe na cire akwatin furannin na ɓoye shi a bayan rumfar itace. Ramukan ƙusoshin dai suna nan, da koren zane da ya gangaro a jikin filasta. Washegari ka jingina tsaninka a wurin. Ka ƙwanƙwasa sama da taga, amsa gajera. Ka ƙwanƙwasa gefe, haka. Ka sauko ka ƙwanƙwasa ƙasa da ita, sai amon nan ya fito, wanda kai da kanka ka koya mini ganewa. Ka ƙara sauke guduma taƙi ɗaya, ya sake fitowa. Ka daɗe kana duban ramukan ƙusar.

"Mai littafi, ina furannin suka tafi?"

Nan na gaya maka komai, har akwatin tufafin. Ba ka yi mini faɗa ba. Ka shiga ɗakin ka ja akwatin, ka dafa bangon da tafin hannu, ka fito ka ɗauko injin yanka. Da guntun filastar ya faɗo, abin da ke bayansa ba tubali ba ne, taɓo ne, mai warin tsohuwar rijiya. Ka sa hannu ka ɗebo, yana zuba ta tsakanin yatsunka.

Saura kwana biyar surukata ta zo. Amadeo yana wurin aiki, babu wanda ya gani sai ni da kai. Na roƙe ka ka mayar da siminti ka rufe, ka saka sabon katako, in Lahadi ta wuce sai a buɗe a gyara a asirce. Har cikin raina na ɗauka za ka yarda, domin a labaran da na saba karantawa, dattijo mai kirki shi ne mai rufa wa ma'aurata asiri.

"'Yata," ka ce, "a gindin bangon nan kike ajiye kanki ki yi barci. Ba na rufe ruwa a cikin bango, ko na kwana biyar."

Abin da na mayar maka yana nan a zuciyata kamar yau na faɗe shi. Na ce ashe kai mutumin Cipriano ne. Na ce da sauƙi mai gidan kansa ya yi wa'azin gaskiya a ƙofar wanda za a kora. Ka durƙusa ka ci gaba da kwashe taɓon da hannu, kana ƙara yanka filastar ta kowane gefe, har sai da ka isa busasshiyar laka hagu da dama da ƙasa. Ramin ya kai faɗin ƙofar tanderu. Ka ce a bar shi a buɗe ya sha iska, kuma haka Doña Erlinda za ta gan shi.

Da Amadeo ya dawo ka nuna masa ramin, ka ce ruwa ya shiga, ba ka ƙara ko kalma ɗaya ba. Maganar furannin ka bar mini. Na gaya masa bayan ka tafi. Bai ɗaga murya ba, ya fita ya tsaya gaban ramin, hannayensa a aljihu, har abinci ya huce. Daga ranar na daina gaishe ka. In ajiye maka kofi a dokin ƙofa in koma ciki. Kai kuwa kullum sai ka ɗaga murya ka ce an gode, kamar da mutum a tsaye.

Ranar Juma'a ka tashi da tsakar rana, ka ce kana da uzuri a gari. Wajen ƙarfe uku hadari ya taso ta kan duwatsu, baƙi ƙirin, ruwan farko na shekara. Iska ta juyo daga arewa, kai tsaye cikin ramin. Na san in ruwan nan ya samu buɗaɗɗiyar laka na rabin sa'a, abin da Cipriano ya faɗa zai tabbata, ba sai an jira Lahadi ba. Na kira Amadeo, yana can nesa a kan hanya. Na jawo tampol daga rumfa, in danne wannan gefe iska ta fizge wancan. Ɗigon farko ya fara sauka, manya-manya, ina kallon lakar tana canja launi.

Sai na ji motarka. Ko ƙofarta ba ka rufe ba. Ka ce in riƙe tsani da hannu biyu, kada in saki ko me zan gani. Ka hau da guduma da ƙusoshi a baki, ka kafa tampol ɗin a ƙarƙashin bakin rufi, iska tana kaɗa shi yana dukan fuskarka. Ƙanƙara ta fara zuba. Sau biyu tsanin ya ɗaga ƙafa ɗaya daga ƙasa, na kwanta a kansa da duk nauyina, ina kiran sunan Uwar Allah. Da ka sauko muka danne gindin tampol da duwatsu, ka ɗauki shebur ka tsaga wa ruwa hanya nesa da bango. Da aka ɗauke, ka zura hannu ta bayan tampol ɗin ka shafa, ka ce a bushe yake.

Sannan ka zauna a dokin ƙofa. Ka daɗe kana numfashi da baki, leɓɓanka sun yi fari. Na tambaya, ka ce tsufa ne kawai, in kawo tawul. Na kawo, na ce na gode. Iyakar abin da na ce ke nan.

Ranar Lahadi Cipriano ya riga kowa zagawa bayan gida. Da ya ga ramin ya buɗe hannaye ya ce wa mahaifiyarsa ga shi nan, ba sai an yi dogon bayani ba. Amadeo yana gefe, bai iya haɗa ido da kowa ba. Kai kuwa ba ka yi gardama da Cipriano ba. Ka miƙa wa Doña Erlinda gudumarka, ka riƙe mata gwiwar hannu, kuka zaga gidan gaba ɗaya, tana dogara sanda, tana ƙwanƙwasa bango taki bayan taki. Ta san amon laka, domin ta yi yaɓe da iyayenta tun kafin siminti ya zo kwarin. Muna biye da ku. Da kuka dawo gaban ramin ka faɗa mata yadda abin yake: tubali goma sha ɗaya sun narke, dutsen tushe a bushe, gungumen da ke saman taga lafiyayye, sauran gidan yadda kakansu ya bar shi.

Cipriano ya nuna ramukan ƙusa a tsohon katakon da ke yashe a ƙasa, ya tambaya wa ya yi wannan aika-aika. Na ce ni ce, na faɗi dalili. Ya yi wata 'yar dariya, ya ce yau furanni ne, gobe kuma sai abin da littafi ya ce. Ya tambayi mahaifiyarsa ko waɗannan ne za ta bar wa gidan kakanni. Doña Erlinda ta juyo ta dube ni, ban iya karanta komai a fuskarta ba. Na riga na fara tunanin inda za mu kai gadonmu.

Sai ka ciro wani guntun katako daga aljihun rigarka, na tagar falo, wanda ka yanka a tsakiya. A bakin yankan ana ganin fenti hawa-hawa, shuɗi a kan shuɗi, kaurinsa ya kai na fatar takalmi. Kowa ya san abin da yake. Duk watan Mayu matan kwarin nan suna shafe ƙofofi da tagogi da shuɗi don kada sharri ya shigo gida, kuma Doña Erlinda ba ta taɓa tsallake shekara ba. Ba ta barin ko tsagar da allura za ta shiga, sama da ƙasa.

"Erlinda," ka ce, "tun muna aji ɗaya ban taɓa yi miki ƙarya ba. Yarinyar nan ta zuba ruwa, gaskiya ne. Amma ke kika toshe masa hanyar fita, shekara arba'in. Sauran tagogin babu fure ko ɗaya, kuma duk sun ruɓe a cikin fentinki."

Babu mai yi wa surukata magana haka, ko limamin coci. Ta karɓi guntun katakon ta juya shi, ta kankare fentin da farce, ta sake juyawa. Ban san tsawon lokacin da ta ɗauka ba. Daga ƙarshe ta tambaye ka kwana nawa sabon tubali zai yi kafin ya bushe a wannan damina. Ka ce wata guda, a ƙarƙashin rumfa.

Ta ce wa Cipriano ya kira mutuminsa ya ba shi haƙuri, gida ba na sayarwa ba ne.

"Kuma ranar Asabar ka zo da tsofaffin kaya," in ji ta. "Mun ga ƙarfin yatsanka. Saura mu ga ƙarfin ƙafarka a cikin kwaɓin laka."

Ya zo kuwa, yana ƙunƙuni, ya tattake laka da ciyawa har gwiwa. A watan Agusta ka jera tubalan da hannunka, ka rufe wurin, ka kafa katako na ƙarshe. Ka wanke hannu a famfo, ka ce mana sai wata rana.

Bayan rasuwarka, a daren da aka taru aka yi maka addu'ar carbi, Doña Ramona ta kama hannuna ta zaunar da ni kusa da ita. Ta ce ranar Juma'ar nan daga wurin likita kuke dawowa, kuma a ranar ne aka ce maka ka rabu da tsani da duk wani aikin ƙarfi, zuciyarka ba za ta ɗauka ba. Ta ce kuna kan hanya ka hango hadarin, ka sauke ta a ƙofar gida ba ka ko kashe mota ba, ka ce ka bar wa wasu yara bango a buɗe. Lokacin ina kwana na uku da daina gaishe ka.

Na yi ta jiran ranar da ta dace in je shagonka in nemi gafarar maganar da na faɗa maka, ina tsara kalmomin a raina, ina ganin akwai lokaci. Ban je ba. To ga shi ina faɗa yanzu a gaban duk wanda zai karanta: ka yafe mini, Don Facundo. Ba mutumin kowa ba ne kai. Muna cikin gidan, ni da Amadeo, muna kwana a gindin bangon ba tare da fargaba ba.

A madadina da mijina da Doña Erlinda da dukan iyalinmu, ina miƙa ta'aziyya ga Doña Ramona, da 'ya'yansu Leandro da Celestina, da jikoki, da duk mutanen kwarin nan da suka yi rashi tare da su. Allah ya ba ku haƙuri da ƙarfin zuciya, ya zama gatanku a kwanakin da ke tafe.

Ubangiji ya jiƙan bawansa Facundo, ya gafarta masa kurakuransa, ya saka masa da alherin da ya yi a ɓoye da wanda ya yi a fili. Ya ba shi hutu na har abada, ya haskaka masa makwancinsa. Mu kuma da muka rage, Allah ya sa mu cika da kyau. Amin.

Ofelia Maestas
Mora, New Mexico